Gigin Tsufa ko Cuta? Nazarin Kalmomin Jinyar Tsofaffi a Tafa

Gabatarwa

A ƙaramar hukumar Tafa ta Jihar Neja, mai hedikwata a Sabon Wuse, Hausa ce harshen kasuwa da mu'amala tsakanin Gbagyi da Koro da Hausawa da Fulani. Magidanta da yawa na sammakon tafiya aiki Abuja ko Suleja, su bar uwargida da dawainiya biyu, wato renon yara da jinyar tsoho mai mantuwa. Wannan muƙala za ta duba kalmomin da ake faɗa wa irin wannan tsoho, domin kalmar da gida ya zaɓa ita ke nuna irin riƙon da za a yi masa.

Kalmomi Uku

Ta farko ita ce "gigin tsufa". Mai faɗin ta na ganin abin ɗabi'ar shekaru ce, don haka ba ya tunanin asibiti. Ta biyu ita ce "hauka". Da zarar an ce "ya haukace", sai a kulle tsoho a ɗaki don gudun abin kunya. Ta uku, wadda ta fi muni, ita ce "maita", musamman idan tsohuwa ta fita yawo da dare tana sambatu.

Likitoci kuwa "cutar mantuwa" suke cewa. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, shi ya fara bayanin nau'inta mafi yawa a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da ita, kuma mata ke ɗaukar kashi 70 cikin 100 na lokacin jinyar.

Darasi Daga Nahawu

Ɗalibi ya kwatanta jimlolin nan: "Kaka ta manta da sunana" da "Cuta ta mantar da Kaka sunana". A ta farko Kaka ce aikau, laifi na kanta. A ta biyu an yi amfani da giredi na 5 bisa rabon Parsons na 1960, sai aikau ya koma cuta, Kaka ta zama wadda abin ya faɗa wa. Yaron da ya saba jin jimla ta biyu a bakin uwarsa zai tausaya wa kakarsa, ba zai tsokane ta ba.

Komawa Harshen Uwa

Masana sun lura cewa mai harshe biyu, idan cutar ta yi nisa, yakan fara rasa harshen da ya koya daga baya. Tsohuwar da ta shekara arba'in tana ciniki da Hausa sai ta koma Gbagyi zalla, alhali jikokinta Hausa da Turanci kawai suke ji. A nan sai a ɗauka sambatu take yi, nan kuwa ruwa take nema. Ya kamata a koya wa yara kalmomin gaisuwa da na abinci cikin harshen kakarsu, a riƙa yi mata gajerun jimloli, tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, kuma kada a yi gardama da ita.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan'uwa su karɓi uwargida ta huta, a kai tsoho ga likita, mu kuma ɗaliban harshe mu gyara kalmar tun daga gidajenmu.