Hutun Hunturu a Tsibiran Kanari: Matakan Zaɓen Gaɓar Teku Inda Tsiraici Ba Laifi Ba Ne

Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da rana ke faɗuwa da wuri a Landan da Hambug, jirage kan cika maƙil da masu gudun sanyi zuwa tsibiran Kanari. Mallakar Sifaniya ne, amma a jikin Afirka suke, don tsakanin Fuerteventura da gaɓar Maroko wajen kilomita 100 ne kawai. Daga Ingila tafiyar awa huɗu ce da 'yan kai. A tsakiyar Janairu, ɗumin rana a bakin ruwa yakan kai digiri 20 zuwa 22. Duk Bahaushen da sanyin Turai ya ratsa wa ƙashi, ko maigidan da ke son kai iyali shan iska daga Kano ko Yamai, in ya ga tallan sai ransa ya biya.

Abin da tallan ba ya faɗa shi ne, cikin baƙin nan akwai waɗanda tuɓewa ce ta kawo su. Kuma a galibin wurare babu katanga tsakanin gaɓarsu da ta kowa. Don haka aikin zaɓe a gida ake gama shi, kan taswira, kafin kuɗi su bar aljihu.

Mataki na 1: San da wa za ka haɗu

Masu wannan ɗabi'a suna ganin zama tsirara a rana da iska hanya ce ta samun lafiya da sakewa. Ta yi ƙarfi a Jamus tun farkon ƙarni na 20, kuma a 1920 aka ware musu gaɓa a hukumance a tsibirin Sylt. A 1953 suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Montalivet da ke Faransa. Jamusawa na taƙaita sunan abin da haruffa uku, FKK. Riƙe su da kyau, za su yi maka amfani nan gaba. Da yawan waɗanda za ka gani a hunturu dattawa ne 'yan fansho, mata da miji, kowa da littafinsa da hular rana.

A ƙarshen shekarun 1980 Sifaniya ta cire laifin abin kunya a bainar jama'a daga kundin hukunta laifuffukanta. Tun daga nan zama tsirara a bakin teku ba laifi ba ne a dokar ƙasa, sai dai wasu ƙananan hukumomi sun kafa tasu ƙa'idar a gaɓoɓin cikin gari. Ma'ana, wanda ka tarar zindir a kan rairayi yana kan haƙƙinsa, ɗan sanda ba zai kore maka shi ba. Haka kai ma ba mai tilasta maka cire ko hula a gaɓar jama'a. Maganar nan ta cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka, ba ta aiki a nan.

Mataki na 2: Zaɓi tsibiri

Huɗu ne baƙi suka fi zuwa: Tenerife, Gran Canaria, Fuerteventura da Lanzarote. A Tenerife da Gran Canaria, duwatsun tsakiya suna tare gajimaren da iska ke korowa daga arewa maso gabas, shi ya sa kudu ya fi rana, arewa ta fi kore da lumshi. Fuerteventura ta fi kowa dogayen gaɓoɓi da ba kowa, kuma masu tuɓewa suna da yawa a cikinta. Mai tafiya da yara, a ganina, ya fara duba Tenerife ko Gran Canaria.

Mataki na 3: Bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci.

Fara da Maspalomas a kudancin Gran Canaria, don nan aka fi yin karo ba shiri. Gaɓa ce doguwa mai lanƙwasa. A bakinta na yamma akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ta fara aiki a 1890, a ɗaya bakin kuma unguwar otal-otal ta Playa del Inglés. A bayanta tuddan rairayi ne masu faɗin kusan hekta 400, waɗanda doka ta kare. Kusa da hasumiyar za ka ga iyalai, yara na gina ɗakunan yashi, kowa da kayan wanka. Sai ka ce bari ka taka zuwa ɗaya gefen ta bakin ruwa. Kana cikin tafiya, kayan jikin mutane na raguwa a hankali, har ka iske kanka a tsakiyar jama'a haihuwar uwarsu, wasu kwance kan gadajen haya, wasu na layin sayen lemo a rumfa. Allon sanarwar ba kowa ke lura da shi ba. In ka ci gaba, tufafi su dawo. Dabarar kenan: zauna a ɗaya daga bakunan biyu, in kuma za ka wuce ɗayan, hau bas ko tasi ta cikin gari. Cikin tuddan ma akan haɗu da su, kuma hanyoyin da aka yi wa alama kaɗai aka yarda a bi.

A Fuerteventura abin ya fi haka bazuwa. A Corralejo, El Cotillo, Sotavento da Cofete, da zarar ka ɗan nisanta daga gaban otal, ana iya samun mai tuɓewa ko'ina. Alamar da za ka lura da ita ita ce 'yan kewayen baƙaƙen duwatsu da aka jera a kan rairayi, tsayinsu bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, an bar ƙofa a gefe ɗaya. Don kare iska aka yi su, kuma masu shan rana tsirara suna son su ƙwarai. Daga nesa kamar ba kowa ciki. In ka ga takalmi ko jaka a kan duwatsun, kewaye ta nesa, ka kuma ja wa yara kunne kada su ruga leƙawa.

A Lanzarote akwai ƙauye guda, Charco del Palo, a gaɓar arewa maso gabas, wanda wani Bajamushe ya kafa wajajen 1970 domin masu tuɓewa. Can a kan titi ma tsirara ake yawo. Gidajen hayarsa kan fito a shafukan neman masauki kamar na ko'ina, saboda haka duba sunan unguwa kafin araha ta ruɗe ka. A Tenerife kuwa, ka san da ɓangaren La Tejita da ke gindin jan dutse, da Las Gaviotas kusa da birnin Santa Cruz.

Ina za a je kenan? Las Canteras a birnin Las Palmas na Gran Canaria gaɓa ce ta cikin gari mai tsawon kusan kilomita 3, wadda wani dogon dutse a cikin ruwa ke karya mata igiya. Amadores da Puerto de Mogán a kudancin tsibirin ruwansu kwance yake. Las Teresitas a Tenerife, wadda aka zuba wa rairayin Sahara a 1973, wurin iyalan gari ne. Amma kada in rufe ka: ko a waɗannan, wasu mata kan sha rana ƙirji a buɗe, ba kuma mai ɗaukar haka wani abu. Wanda wannan ma ya fi ƙarfinsa, ya fito da sanyin safiya kafin jama'a su taru, ko ya kama gida mai kwamin ninkaya na kansa.

Mataki na 4: Karanta bayanin masauki har ƙasa

In ka ga FKK, ko nudista, ko naturista a bayanin otal, tambaya ta ƙare. Wani otal ɗin gaba ɗayansa nasu ne. Wani kuma na kowa ne, sai dai ya ware musu rufin sama ko wani lungu na lambu. Otal da aka ce na manya ne kaɗai, yara ya hana, bai ce a tuɓe ba. Inda Jamusawa suka yi yawa, ɗakin sirace ma sau da yawa tsirara ake shigarsa, maza da mata tare.

Aika wa otal ɗin saƙo da tambaya biyu: akwai sashen masu tuɓewa, kuma a ina yake? An yarda mace ta shiga kwamin ninkaya da rigar wanka mai rufe jiki duka? A bakin teku ba mai hana Hajiya sa tata, amma kowane otal da dokar kwaminsa. Ajiye amsar a rubuce. Sannan buɗe taswira ka ga wace gaɓa ce ainihi a gaban ƙofar, don hoton talla yakan nuna wadda ta fi kyau ne, ko da tana da nisa.

Mataki na 5: Takardu da lokaci

Tsibiran na cikin yankin Shengen. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Gana yana buƙatar biza, ko da yana da izinin zama a Ingila. Ana iya nema tun saura wata 6, kuɗin babba Yuro 90, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma fasfo ya kasance da sauran wata 3 bayan ranar fita. Farashi kan yi tashin gwauron zabo a Kirsimeti da sabuwar shekara, ya sake tashi lokacin bikin carnival na Fabrairu ko Maris. Farkon Disamba da bayan 6 ga Janairu sun fi sauƙi. Agogonsu a hunturu yana bayan na Najeriya da awa ɗaya.

Mataki na 6: In an haɗu

Duk shirin da ka yi, wata rana sai an yi kiciɓis. Kawar da kai, ci gaba da tafiya yadda kake yi, ba salati da ƙarfi, ba nuni da yatsa, ba wa'azi. Su kansu suna da ladubbansu: ba a ƙura wa mutum ido, ba a zama kan kujera sai an shimfiɗa tawul, ba a yin abin batsa a fili. Babbar dokarsu ita ce hoto. Mayar da waya aljihu. Ɗaukar mutum tsirara ba da izininsa ba, balle a watsa a WhatsApp don 'yan gida su ga abin mamaki, na iya kai ka gaban hukuma. Ko teku kake son ɗauka, bari sai ka wuce su.

Yara za su tambaya, kuma da ƙarfi za su tambaya. Gara ka riga su tun a ɗaki: a garin nan wasu haka al'adarsu take, mu ba ma yi, ba ma kuma kallo.

Mataki na 7: Ruwa, rana da ƙura

Haɗarin gaske a ruwa yake. Tekun Atilantika ne, a hunturu sanyinsa wajen digiri 18 zuwa 19, kuma gaɓoɓin yamma irin su Cofete suna da igiya mai jan mutum ciki. Dubi tuta: kore a shiga, rawaya a yi hattara, ja kada a kusanta. Wuraren da ba kowa, waɗanda mai neman sirri zai fi so, su ne kuma ba masu ceto. Lambar gaggawa 112 ce. Shafa man kare rana, baƙar fata ma tana ƙonewa, iska ce ke hana ka ji. Da dare akan yi sanyi, tafi da rigar ɗumi, musamman in za ka hau dutsen Teide na Tenerife mai tsayin mita 3,715, inda dusar ƙanƙara kan sauka.

Wani lokaci iska kan kwaso ƙurar Sahara ta lulluɓe tsibiran, mutanen can suna kiranta calima. Hazon da ka sani ne na hunturun gida. A Fabrairun 2020 ta yi tsananin da aka rufe filayen jiragen sama. Mai asma kada ya bar maganinsa.

Mataki na 8: Ciki da salla

Kifi ne mafita, ga shi sabo. Haɗa shi da ƙananan dankalin da ake dafawa da gishiri har bawonsu ya yamutse, a ci da miyar mojo, ja ko kore. Yi hattara da romo da wake da 'yan soye-soye, don naman alade ko kitsensa kan ɓuya ciki, kuma mai kawo abinci ba lallai ya ɗauki 'yan gutsattsarin alade a matsayin nama ba. Ambaci alade da sunansa, cerdo ko jamón, ka ce ba ka ci. A Las Palmas akwai 'yan Maroko da Senegal da yawa, ana samun mahautan halal da masallatai, shi ya sa gida mai kicin ya fi wa mai iyali. Alƙibla daga tsibiran kusan gabas ce sak, da ɗan karkata kaɗan zuwa arewa.