Shago a Jikin Gidan Gado: Idan Bango Ya Tsage, Wa Zai Gyara?

Tambaya: Mun gaji gida a wajajen Babban Dodo, cikin birnin Zariya. Muka fasa katangar gaba muka fitar da shaguna huɗu: tela, mai niƙa, mai kayan masarufi da mai cajin waya. Yanzu bangon shagon tela ya tsage, yana ta yi mana magana. Yayana ya ce wanda ke cin moriyar shago shi zai gyara. Mene ne gaskiya?

Amsa: Malam, a gaida Yaya, amma a nan bai yi daidai ba. Abin da kuka sayar wa tela amfanin ɗaki ne na wani lokaci. Ginin kuwa yana hannunku, da bangonsa da rufinsa. Fenti, kwan lantarki, kwaɗo da abin da ya lalata da hannunsa, waɗannan nasa ne. Tsagewar bango taku ce, sai fa in kun rubuta akasin haka a yarjejeniya. Ko da kun rubuta ɗin, ranar da bango ya danne ɗan koyo ko mai wucewa, ku za a fara nema. Malaman Malikiyya sun daɗe da yanke wannan: mai bangon da ya karkata, aka gargaɗe shi, yana da halin gyara bai gyara ba, to lamunin ɓarnar yana kansa. Tela ya riga ya gargaɗe ku.

Kada a raina tsagewa a cikin birni. Babban Masallacin Juma'a da ke fada, aikin Babban Gwani tun shekarun 1830, wani sashensa ya rufta wa masallata ana sallar la'asar ran Juma'a 11 ga Agusta 2023, aka rasa rayuka. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an lura da tsagewa kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kiran injiniyoyi. Gidanku ma ginin ƙasa ne, kuma kun taɓa shi. Katangar da kuka fasa kuka sa ƙofar ƙarfe, da ita ke ɗauke da nauyin azara. An shafe tubali da siminti, sai ya yi kyau daga waje, laima kuwa ta rasa mafita tana cin ƙasar daga ciki, gara tana nata aikin a sama. Ga injin niƙa yana girgiza bangon safe da yamma. Ku ƙwanƙwasa yaɓen: inda ya yi amo kamar ganga, siminti ya rabu da ƙasa. Ku duba indararo ma, ko a gindin bango yake zuba. A fitar da tela na 'yan kwanaki, a ɗauke masa kuɗin hayar kwanakin, a kira magini wanda ya san ginin ƙasa tare da injiniya, tun damina ba ta kankama ba.

Sai takardu. Mai da gidan zama wurin kasuwanci yana buƙatar izinin hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, KASUPDA, maganar mallakar fili kuma tana wurin KADGIS. Na san amsar 'yan birni: gidan kaka da kakanni ne, kowa ya sani. Haka ne, amma dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma Zazzagawa sun ga rusau da idonsu a zamanin gwamnatin Nasiru El-Rufa'i. Tunda gidan gado ne, magada su zauna su wakilta mutum ɗaya a rubuce, shi ke karɓar haya, shi ke sa hannu, a kuma riƙa ware kuɗin gyara kafin a raba. Yawancin ginin da ke lalacewa a birni, lalacewar nan ce: kowa na miƙa hannu ranar rabo, ranar gyara a ce ai ba nawa ne ni kaɗai ba.

Wuta kuma ita ce tsorona a kan mai caji. Soket hamsin a kan waya ɗaya siririya, ga janareta da jarkar fetur a lungu, ga atamfofin tela a maƙwabta. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta cinye dubban shaguna, alhali can akwai titi. A nan, motar 'yan kwana-kwana da ta shigo ta Ƙofar Doka ba kowane lungu za ta iya kutsawa ba. Ku sa ƙwararren mai gyaran wuta ya raba wa kowane shago layinsa da makashinsa, a rataye tukunyar kashe gobara, a hana ajiye fetur. Dokar inshora ta 2003, sashe na 65, ta wajabta wa ginin da ake haya ko jama'a ke shiga don ciniki inshorar gobara da rushewa, sabuwar dokar 2025 da ta maye gurbinta ma ba ta sauke wannan nauyi ba. Mai ƙyamar inshora saboda addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisi.

Idan Yaya ya fusata ya ce tela ya kwashe kayansa, ku riƙe shi. Ba a cire ƙofa, ba a ƙara kwaɗo, ba a yanke wa ɗan haya wuta don ya tashi. In yarjejeniya ba ta faɗi wa'adi ba, mai biya wata-wata ana ba shi notis na wata ɗaya, mai biya shekara-shekara wata shida, sannan wata takardar ta kwana bakwai, sannan kotu. In babu rubutacciyar yarjejeniya tsakaninku da su huɗun, ku rubuta ta a makon nan gaban shaidu biyu, a fayyace kuɗi, wa'adi, irin sana'ar da aka yarda da ita, da wanda ke gyaran me.