Rabon Aiki da Haɗuwar Baki a Mulkin Sunaye da Lambobin Intanet

Gabatarwa

Ranar 28 ga watan Fabrairu na 2022, watau kwana huɗu bayan sojojin Rasha sun faɗa wa ƙasar Yukren, Mataimakin Firayim Ministan Yukren, Mykhailo Fedorov, ya aike da takarda ga hukumar ICANN wadda ke birnin Los Anjeles ta Amurka. Abin da ya roƙa shi ne a soke sunan .ru da sauran sunayen Rasha daga babban kundin intanet. Ranar 2 ga watan Maris shugaban hukumar na lokacin, Göran Marby, ya mayar masa da amsa cewa ba za a yi ba, domin hukumar ba ta da ikon yanke irin wannan hukunci ita kaɗai, kuma ƙa'idojin da jama'arta suka tsara ba su ba ta wannan dama ba. Mai karatu yana iya mamakin hukumar da kundi ke hannunta amma ta ce ba ta da ikon goge layi ɗaya a cikinsa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda aka raba aiki har abin ya kasance haka, da kuma inda tsarin yake da rauni.

Abin da ake mulka

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lamba, kuma da lambar ne saƙo yake gane inda za shi. To, da yake riƙe lambobi yana da wuya ga ɗan Adam, sai a 1983 Paul Mockapetris ya tsara hanyar da za a riƙa kiran na'ura da suna, kwamfuta kuwa ta mayar da sunan lamba. Sunayen hawa-hawa ne. A can ƙoli akwai kundin tushe, wanda ke ɗauke da manyan sunaye irin su .com da .org, da na ƙasashe irin su .ng na Nijeriya da .ne na Nijar. Sharaɗin abin guda ɗaya ne: kada suna ɗaya ya faɗa hannun mutum biyu, kada kuma lamba ɗaya ta zama ta na'ura biyu. In aka sami kundin tushe biyu masu saɓa wa juna, to intanet ta rabu ke nan.

Shekaru da yawa wannan aiki yana hannun mutum ɗaya, Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, a ƙarƙashin sunan IANA, da kuɗin gwamnatin Amurka. A wata takarda da ya fitar a 1994 ya nuna cewa mai riƙe da sunan ƙasa ɗan amana ne, aikinsa hidima ga jama'ar ƙasar, ba mallakarsa ba ce. Amma a watan Janairu na 1998 shi kansa ya nuna haɗarin barin amana a hannu guda. Ya aika wa takwas daga cikin masu kula da na'urorin tushe cewa su daina ɗaukar kundi daga inda suka saba, su koma ɗauka daga na'urarsa, suka kuwa bi, saboda girman da yake da shi a idonsu. Ya ce gwaji ne. Gwamnatin Amurka ta umarta a mayar da abin yadda yake, aka mayar. A watan Satumba na wannan shekara aka kafa ICANN, Postel kuwa ya rasu a watan Oktoba.

Wa ke da wane aiki

Ginshiƙin tsarin shi ne, mai tsara ƙa'ida daban, mai amincewa da ita daban, mai aiwatar da ita daban. Tsara ƙa'ida aikin majalisu uku ne. GNSO ke kula da sunaye na gama-gari irin su .com, kuma a cikinta ne kamfanonin da ke riƙe da sunayen, da dillalan da ke sayar wa jama'a, da 'yan kasuwa, da lauyoyin tambarin kaya, da ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a suke zama suna ja-in-ja. Majalisar ccNSO ta masu riƙe da sunayen ƙasashe ce, amma ikonta kaɗan ne, domin kowace ƙasa ita ke tsara yadda za a yi rajista a ƙarƙashin sunanta. A Nijeriya ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke riƙe da .ng. Ta uku, ASO, ita ce bakin cibiyoyi biyar masu raba lambobi a yankunan duniya.

Hukumar gudanarwa tana da mutum 16 masu jefa ƙuri'a. Kwamitin zaɓe ke kawo 8, majalisun nan uku su kawo bibbiyu, wakilan masu amfani da intanet su kawo ɗaya, sa'an nan shugaban ma'aikata ya cike. Ba aikinta ba ne ta ƙago ƙa'ida. In GNSO ta kawo mata shawara da babban rinjaye, tilas ta karɓa, sai fa in fiye da kashi biyu cikin uku na membobinta sun ga shawarar za ta cutar. Aiwatarwa kuwa, watau rubuta canji a kundin tushe, aikin ma'aikatan IANA ne, kamfanin Verisign kuma ya rarraba kundin ga na'urorin tushe, waɗanda ke da sunaye 13 a hannun ƙungiyoyi 12. Ma'aikacin da ke rubutu ba ya tambayar ko ƙa'ida ta yi masa daɗi. Abin da yake dubawa shi ne ko an cika ta.

Matsayin gwamnatoci shi ya fi ɗaure wa baƙon tsarin kai. Suna da kwamitinsu mai suna GAC, amma shawara suke bayarwa, ba umarni ba. Duk da haka shawarar tana da nauyi, domin in bakinsu ya zo ɗaya, hukumar gudanarwa ba ta iya ture ta sai da ƙuri'ar kashi 60 cikin ɗari, kuma sai ta bayyana dalili, ta nemi sulhu da su. Har zuwa 2016 gwamnatin Amurka ce kaɗai ke da hannu na musamman, domin kowane canji a kundin tushe sai ya bi ta Ma'aikatar Cinikinta. Ranar 1 ga watan Oktoba na 2016 kwangilar ta ƙare, aka ba jama'ar ICANN ikon ƙin kasafin kuɗi, da cire ɗan hukuma, har ma da rushe hukumar gaba ɗaya. Sai dai har yanzu ICANN tana ƙarƙashin dokokin jihar Kalifoniya, abin da wasu ƙasashe ba su daina ƙorafi a kai ba.

Ma'anar haɗuwar baki

Kalmar ijma'i tana kusa da abin da ake nufi, amma ba ta rufe shi duka ba, domin a wannan fage ma'anar takan canza daga zaure zuwa zaure. A wurin gwamnatoci, baki ya haɗu in ba wadda ta miƙe ta ce ba ta yarda ba. Saboda haka ƙasa guda tana iya tsayar da magana. A kwamitocin aiki na GNSO kuwa ba a jiran kowa ya yarda: shugaban zama ne ke auna ko masu saɓawa 'yan kaɗan ne, sa'an nan a rubuta ra'ayinsu tare da na masu rinjaye. Injiniyoyin IETF, masu tsara ƙa'idojin fasaha, har gunji sukan yi a zauren taro maimakon ɗaga hannu, domin a ji inda aka karkata ba tare da an ƙidaya kawuna ba.

Rigimar sunan .amazon ta nuna yadda waɗannan sassa suke taka wa juna birki. A 2012 aka buɗe ƙofar neman sababbin manyan sunaye, aka karɓi takardu 1,930, kowace a kan dala 185,000. Kamfanin Amazon ya nemi sunansa. Burazil da Peru suka ce wannan sunan kogi ne da daji da mutanen da ke zaune a cikinsu. A 2013, a taron Durban, bakin gwamnatoci ya haɗu a kan kada a bayar, hukumar gudanarwa ta bi su a 2014. Kamfanin ya kai ƙara gaban alƙalai masu zaman kansu, waɗanda a 2017 suka ce hukumar ta yi kuskure da ta bi gwamnatoci ido rufe, ba ta nemi hujja da kanta ba. A 2019 aka ba kamfanin sunan da wasu sharuɗɗa, ƙasashen yankin kuwa ba su gamsu ba. Shekara bakwai ke nan a kan kalma ɗaya. Ana iya kiran wannan nawa, amma da wuya a kira shi mulkin mutum ɗaya. Abin da ya kamata a lura da shi kuma, wanda ya iya jure shekara bakwai yana biyan lauyoyi shi ne mai ƙarfin aljihu.

A ɓangaren lambobi, Afirka ta ɗanɗana irin wannan. Cibiyar AFRINIC da ke tsibirin Morishas, wadda aka amince da ita a 2005, ta shiga shari'a da wani kamfani a kan lambobi, aka rufe asusunta a 2021, ta zauna ba hukumar gudanarwa, har kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023. Sai a 2025 aka zaɓi sabuwar hukuma.

Inda abin ya shafi Hausa

Babban raunin haɗuwar baki shi ne, bakin waɗanda suka halarta ne kawai yake haɗuwa, shirun wanda bai zo ba kuwa sai a ɗauke shi amincewa. Asalin tsarin sunaye bai san kome ba sai haruffan Ingilishi 26, da alƙaluma 10, da karan ɗori. Ke nan ba a iya bambanta kafa da ƙafa, ko baki da baƙi. A 2003 IETF ta fitar da hanyar shigar da sauran haruffan duniya, a 2010 kuma Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka sami sunayensu da rubutun Larabci.

Zaɓen haruffan da za su shiga kundin tushe an bar shi ga kwamitocin 'yan sa-kai, kowane rubutu da nasa. Kwamitin rubutun boko ya bi harsuna ɗaya bayan ɗaya yana neman shaidar cewa ana amfani da harafi a rubutun yau da kullum, kuma a jerin da aka amince da shi a 2022 akwai ɓ da ɗ da ƙ. Shaidar da irin wannan kwamiti ke dogara da ita kuwa ita ce ƙa'idojin rubutu da littattafai da jaridu, watau aikin sassan nazarin harshe. Duk mai rubuta Hausa yana zubar da lanƙwasa yana rage wannan shaida ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai kuma sauran ƙulli. Alamar ɗauri da ake sa wa 'y a rubutun Nijeriya, kamar a 'ya'ya, ba ta da wuri a sunan intanet, domin alama ce ba harafi ba. Harafin ƴ da ake amfani da shi a Nijar kuwa ƙa'idar fasaha ta karɓe shi. Bayan wannan, amincewar ƙa'ida ba ta tilasta wa mai riƙe da .ng ko .ne ko .com ya buɗe rajista da waɗannan haruffa ba. Kowannensu shi ke tsara nasa jeri, a zauren da masu buƙata suke da damar zuwa su nema.