Sinadaran Fiyurin, Garkuwar Jiki da Cutar Ƙanjamau

Garkuwar jikin ɗan Adam ta dogara ne ga fararen ƙwayoyin jini, musamman waɗanda likitoci ke kira CD4. Idan cuta ta shigo, ƙwayoyin nan sukan yawaita da sauri, kuma kowace sai ta kwafi bayanan gadon da ke cikinta kafin ta rabu biyu. Ana gina bayanan nan da wasu ƙananan tubala, daga cikinsu akwai jinsin da ake kira fiyurin. Tubalan da suka gama aiki kuwa, jiki na da sinadarai masu narkar da su, ragowar ta fita ta fitsari.

Biyu daga cikin sinadaran su ne ADA da PNP. A 1972 Dakta Eloise Giblett ta Amurka ta gano jarirai da aka haifa ba su da ADA, a 1975 kuma ta gano rashin PNP. A jikin irin waɗannan yara, ragowar fiyurin tana taruwa ta zama guba, ta kashe ƙwayoyin garkuwa. Wannan lalura ta gado ce.

Ƙanjamau kuwa kamuwa ake yi da ita, ƙwayar HIV ce ke cinye CD4. A nan yawan ADA yakan ƙaru a jini. Haka kuma yakan ƙaru a ruwan da ke taruwa a ƙirjin mai tarin fuka, shi ya sa awonsa ke taimaka wa likita wajen gano tarin, wanda shi ne kan gaba wajen kashe masu ƙanjamau.

Sanin aikin fiyurin ya taimaka wajen haɗa maganin ƙanjamau. Maganin Tenofovir yana kama da tubalin fiyurin, sai ƙwayar cutar ta ɗauke shi ta sa a gininta, ginin ya tsaya nan take. Yana cikin ƙwaya guda da ake sha kullum, wadda ake bayarwa kyauta a Najeriya. Idan aka yi fashin sha, cutar takan farfaɗo, har ta daina jin magani.

Saboda haka ya kamata mazauna unguwar Badariya da kewaye su je gwajin ƙanjamau a Asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, mutanen Argungu kuma a babban asibitin garinsu. Wanda aka samu da cutar ya riƙe maganinsa, kada ya tsallake ko kwana ɗaya.