Wace Ciyawa Ce Ta Dace da Filin Makaranta a Ƙasar Daura?

A watan Agusta kowane fili a ƙasar Daura kore ne shar, daga Zango har Sandamu. To amma mai son sanin ingancin ciyawa sai ya dakata har watan Afrilu, lokacin da aka yi wata shida ba ɗigon ruwan sama, ga ƙasar kuma jigawa ce wadda ba ta riƙe danshi.

Yawancin koren da muke gani da damina na gude-gude ne da harƙiya da ƙarangiya. Waɗannan ciyayi shekara guda suke yi. Da zarar kaka ta yi sai su zubar da iri su mutu, su bar wa 'yan ƙwallo ƙura, ƙarangiya kuma ta bar musu ƙaya.

Kiri-kiri kuwa, wadda masana ke kira Cynodon dactylon, daban take. Tana yaɗo a bisa ƙasa, tana kuma da wasu jijiyoyi a ƙarƙashi inda take ajiye abinci. Idan ruwa ya yanke sai ganyenta ya bushe, har mutum ya zaci ta mutu, alhali barci take yi. Ruwan farko na sauka sai ta farfaɗo. Tana jure tattaki da kiwo. Aibinta biyu ne: ba ta son inuwa, shi ya sa take tsirara a gindin dogon yaro, kuma idan ta kutsa cikin lambu fitar da ita sai an sha wuya.

Akwai kuma Axonopus compressus, mai faɗin ganye da laushi kamar darduma, wadda ake gani a gidajen Legas da Fatakwal. Tana sha'awa ga ido, tana kuma jure inuwa, sai dai saiwarta ba ta nisa, don haka kwana kaɗan ba ban-ruwa take ƙonewa.

Ga lissafi, ɗalibai su gwada a aji. Milimita 1 na ruwa daidai yake da lita 1 a kan murabba'in mita 1. Filin ƙwallo mai tsawon mita 105 da faɗin 68 murabba'in mita 7,140 ne. Idan muka ƙaddara ciyawa na shan milimita 5 kullum da bazara, ana bukatar lita 35,700, wato jarka 1,428 mai cin lita 25, a yini guda! Makarantar da ɗalibanta ke layi a rijiyar burtsatse gara ta dasa kiri-kiri a farkon damina, ta ƙyale ta ta yi barcinta da rani.