Yadda Ake Wanke Filtar Iska Irin ta K&N Ba Tare da An Cuci Injin Mota Ba

Darasinmu na yau ya ɗan bar wayoyi ya leƙa ƙarƙashin bonet, amma kada ka ajiye wayar, za ta yi mana aiki a gaba.

Matasa da dama masu son mota sukan cire filtar iskar da ta zo da motar daga kamfani, wadda makanikai ke ce wa eya kilina, su sanya irin ja ɗin nan da ake wankewa a mayar. Wasu har akwatin suke cirewa gaba ɗaya su ɗaura mai siffar mazurari don injin ya riƙa gurnani. Sayenta ba shi ne wahalar ba. Wurin wanki ake yin ɓarna, kuma ɓarnar ba ta bayyana nan take, sai bayan watanni ka ga mota ta soma shan baƙin mai tana hayaƙi.

Me ya sa filtar take da muhimmanci?

Injin fetur yana buƙatar iska kashi 14.7 a kan kowane kashi 1 na mai, idan aka auna da nauyi. Ma'ana, kafin ya ƙona lita ɗaya ta fetur sai ya zuƙi iska kusan lita 9,000. Duk ƙurar da ke cikin wannan iska, filta ce kaɗai ke tsakaninta da cikin injin. Ƙura kuwa mafi yawanta yashi ne mai laushi ƙwarai. Idan ta shiga, sai ta gauraya da baƙin mai ta riƙa goge zoben fistin da bangon silinda kamar sanfefa.

Fara da sanin irin filtar da kake da ita

Wannan shi ne matakin farko, domin ba duka ake wankewa iri ɗaya ba.

- Ta takarda: ita ce yawancin motoci ke zuwa da ita. Ba a wanke ta. Idan ta cika, a jefar a sayi sabuwa.
- Ta auduga mai mai: irin ta K&N, kamfanin Amurka da Ken Johnson da Norm McDonald suka kafa, wanda ya samo sunansa daga haruffan farko na sunayensu. Ƙyallen auduga ne ninki huɗu zuwa shida a tsakanin ragar waya, an jiƙa shi da jan mai.
- Busasshiya da ake wankewa: kamar AEM Dryflow da aFe Pro Dry S. Ana wanke ta, amma ba a sa mata mai ko kaɗan.
- Ta soso: an fi ganinta a babura. Tana da nata man na daban mai danƙo.

Abin da ya kamata ka riƙe game da ta auduga shi ne: ƙofofin audugar sun fi na takarda faɗi, shi ya sa iska ke wucewa da sauƙi. Man da ke jikinta shi ke kama ƙananan ƙwayoyin ƙura. Filtar auduga da ba ta da mai kusan rariya ce kawai.

Yaushe ake wanke ta?

K&N ya taɓa cewa filtarsa na iya kaiwa mil 50,000, wato kimanin kilomita 80,000, kafin a wanke. Sai dai wannan lissafin na tuƙi ne a kan kwalta mai tsabta. Wanda ke tuƙi a Kano ko Maraɗi ko Maiduguri daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga Sahara, ko mai bin hanyar burji kullum, ba zai dogara da wannan adadi ba. Ido ne alƙali.

Duba ta duk lokacin da za ka yi juyen mai, a hunturu kuma ko sau ɗaya a wata. Idan har kana ganin ragar wayar a ko'ina, ƙyale ta. Idan ƙura ta rufe ragar a wasu wurare har ba ka ganinta, lokacin wanki ya yi. Kada ka wanke ta don kawai ta yi duhu. Ɗan dattin da ya manne a man yana taimakawa wurin tacewa, yawan wanki kuma yana gajiyar da audugar.

Kayan da za ka tanada

Ruwan wankin filta da man filta, waɗanda ake sayarwa tare a kwali ɗaya. Sai ruwa mai tsabta, tsumma mai tsabta, sukudireba, da wayarka. Ka zaɓi ranar da ba ka da tafiya, domin bushewar tana cin lokaci. Idan ka adana tsohuwar filtar takardarka, ka iya mayar da ita na wannan ranar.

Matakan wanki

1. Kashe mota, ka bari injin ya huce. Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton wurin da wayarka, don ka san yadda maɗauri da igiyoyi suke lokacin mayarwa.
2. Cire filtar a hankali, ka toshe bakin bututun da tsumma mai tsabta. Kada ka manta da cire tsumman daga baya.
3. Ɗan bubbuga ta da hannu don ƙurar sama ta zube. Kada ka buga ta a bango ko taya.
4. Fesa ruwan wankin ciki da waje har ta jiƙe. Saita minti 10 a agogon wayarka. Kada ka bari ya bushe a jikinta, don haka a inuwa za ka ajiye ta.
5. Ɗauraye da ruwa mai sanyi marar ƙarfi, daga ɓangaren da ke da tsabta zuwa ɓangaren datti. Idan mai siffar mazurari ce, daga ciki zuwa waje ke nan. In ka yi akasin haka, tura ƙurar kake yi cikin audugar. Ci gaba har ruwan ya fito fes. Idan dattin ya yi yawa, maimaita mataki na 4 da na 5.
6. Karkaɗe ruwan, ka ajiye ta a wuri mai iska da ba ƙura, ta bushe da kanta. Ya fi kyau ta kwana. Mai ba ya kama jiƙaƙƙiyar auduga yadda ya kamata.
7. Sa mai a ɓangaren waje kaɗai. Idan na kwalba ne, bi saman kowane ninki da layi ɗaya siriri. Idan na feshi ne, riƙe gwangwanin nesa da ita kamar santimita 8, ka bi kowane ninki sau ɗaya.
8. Jira minti 20 audugar ta tsotsa. Haska da tocilan ɗin wayarka. Inda ka ga fari-fari, ɗan ƙara. Idan ta yi ja bai ɗaya, ka tsaya. Idan kuwa tana ɗiga, ya yi yawa, sai ka ɗora ta a kan takarda ta tsane.
9. Goge cikin akwatin da danshin tsumma, mayar da filtar, ka tabbatar robar bakinta ta zauna daram, sannan ka ɗaure maɗaurin.

Mai busasshiyar filta zai tsaya a mataki na 6, ya tsallaka zuwa na 9.

Abubuwa huɗu da ke kashe ta

Na farko, iskar mai faci. Ƙarfinta yana buɗe zaren audugar ya bar ƙananan huji da ido ba ya gani. Na biyu, tiyon masu wankin mota, shi ma haka yake yi. Na uku, fetur ko kananzir ko gas, waɗanda ke busar da robar su sa ta tsage. Na huɗu, zafi: na'urar busar da gashi ko kusa da wuta yana sa audugar ta tsuke. Haka kuma kada ka maye man filta da baƙin mai ko man girki. Ba don wannan aiki aka yi su ba.

Idan mai ya yi yawa fa?

Motoci da yawa, ciki har da Corolla da Camry, suna da sensar auna iska a bayan filta, wadda ake kira MAF. A cikinta akwai siririyar waya da ake ɗumamawa. Gwargwadon yadda iska ke sanyaya ta, kwamfutar mota ke gane yawan fetur ɗin da za ta bayar. Idan rarar mai da datti suka lulluɓe wannan waya, lissafin ya rikice. Sai ka ji mota tana rawa a tsaye, tana jinkirin ɗaukar wuta, ko fitilar check engine ta kama.

A nan wayarka za ta taimaka. Akwai ƙaramar na'ura mai suna ELM327 da ake sokawa a kafar OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Da manhaja kamar Torque ko Car Scanner za ka karanta lambar matsalar. P0101 tana nufin abin da sensar iska ke aikawa bai yi daidai ba, P0171 kuma tana nufin iska ta fi fetur yawa a injin. Lambar ba hukunci ba ce, domin bututun da ya tsage ko maɗaurin da bai ɗauru ba ma yana iya kawo su. Amma idan bayan wanki suka fito, ka san inda za ka fara dubawa. Ana wanke sensar da feshin da aka yi dominta, ba a taɓa wayar da hannu ko tsumma, kuma sai ta bushe ake mayarwa.

Gwajin da zai gaya maka gaskiya

Bayan wasu makonni, cire filtar ka shafa farin tsumma a cikin bututun da ke bayanta. Idan ya fito da garin ƙura, to ƙura na wucewa: ko filtar ta huje, ko mai ya yi kaɗan, ko bakinta bai zauna ba, ko kuma jabu aka sayar maka. Ɗaga ta ka haska daga ciki, idan ka ga huji, ba ta gyaruwa.

Mai mazurari zai iya saya mata rigar kariya da ake sanyawa a kanta, tana tare manyan ƙura da tartsatsin ruwa. Idan kuma an ɗaura ta ƙasa kusa da bamba, ka guji shiga ruwa mai zurfi da damina. Injin da ya zuƙi ruwa yana iya lanƙwasa sandar fistin nan take.

A ƙarshe, idan yawan tafiyarka a hanyar ƙura ce kuma ba ka da lokacin wannan hidima, filtar takarda mai kyau a cikin akwatinta na asali ta fi maka kwanciyar hankali. Idan kuwa ka zaɓi ta auduga, rubuta ranar wanki da adadin kilomita a wayarka, ka sa tunatarwa ta gaba tun yanzu. Sai mun haɗu a darasi na gaba.