Kafin Ka Tafi Ganin Tsohon Birnin Kano

Baƙi kan hau jirgi daga Legas da Abuja, su sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, su kwashi tarihi cikin yini guda su koma. Kai kuwa ɗan Kademi ta ƙasar Gaya, mota ɗaya ce ta hanyar Wudil. Amma kuskuren da muke yawan yi shi ne tafiya ba shiri, a dawo da gajiya da hotuna kawai.

Da farko, ka yi sammako. Fara da Dutsen Dala kafin rana ta take. Tarihi ya nuna maƙeran Gaya, Abagayawa, sun zauna a gindinsa saboda tama, don haka gidan kakanni za ka je.

Na biyu, ka nemi ɗan jagora a gidan tarihi na Gidan Makama, kuma ku yi ciniki tun kafin ku fara. Shi zai nuna maka ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa, da fadar da Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya gina.

Na uku, kada ka haɗa wurare da yawa. Dala, Gidan Makama da karofin Ƙofar Mata sun isa. A karofi ka nemi izini kafin ka ɗauki marini hoto yana tsoma turmin yadi cikin baba.

Ka riƙe ruwan sha, ka guji ranar Juma'a saboda cunkoso, kuma kada ka hau ganuwa: ƙasa ce, tana zubewa. Da la'asar ka kamo hanyar gida.